Gardama a Ƙofar Masaƙa

A da jiniya ce ke tashe mu,
ƙarfe shida Kakuri ta miƙe tsaye.
Yanzu bashi ke buga mini ƙofa,
shi kuwa bai taɓa makara ba.

Gindin dalbejiya, daura da ƙofar masaƙa,
inda kwaɗo ya yi tsatsa har ya manta mabuɗinsa,
nan Sallau ya kafa teburin shayi.
Nan Baba Didam da Malam Barau ke yini,
shekara ashirin suna jiran kuɗin sallama,
suna jan gardama ɗaya
kamar zaren da ya ƙi tsinkewa.

Didam ya ce: Lissafi ne, Barau.
Injuna huɗu nake tsarewa.
Kafin hantsi na saƙa kuɗin yinina,
to daga nan zuwa la'asar wa nake saƙa wa?
Wannan ragowar ita ce benen Unguwar Rimi,
ita ce karatun ɗan manaja a Turai.
Jari ba daga sama ya faɗo ba,
gumina ne ya bushe a aljihun wani.

Barau ya hura kofinsa, bai yi sauri ba.
Ya ce: Kura ce, na ji.
Amma da tana gida, ai mun ga ƙashi.
Wa ya kashe ta? Atamfar da ke shigowa da dare,
yadi shida kuɗin uku,
wutar da ke ɗaukewa zare na tsakiyar tafiya,
gonar auduga da ta koma masara.
Da mun tsare mai jarin gida
da yanzu hayaƙi na tashi.

Mai jarin gida! Didam ya buga benci.
Ranar da aka rufe, ina ya kwana?
Ya auna injinmu a sikeli,
jarin ya koma jari-bola,
yau shi ke sauke dilar da kake tsinewa.
Kuɗi ba su da garinsu, Barau,
inda riba ta yi, nan ne mahaifa.

Sai tari ya kama su, su biyun,
tari iri ɗaya, na burbushin auduga.
A cikin ƙarar inji ba a jin sunan kowa,
ba a tambayar Juma'a kake zuwa ko Lahadi.
Da gari ya rikice, kogi ya zama katanga,
Barau kwana tara ya yi a ɗakin Didam.
Wannan ba sa gardama a kai,
ba sa ma tayar da shi.

Na ce: Ni fa, iyayena?
Keken nan da nake ja daga Makera zuwa Barnawa,
in na gama biya, an ce, nawa ne.
Balas kullum kafin magariba,
mai nawa, faci nawa, ɗan tikiti na jira a sha-tale-tale.
Ma'aikaci ne ni, ko mai jari?

Barau ya ce: Kai ne gobe, ka mallaki abin sana'arka.
Didam ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya ya fito.
Ya ce: Mu an saye mana yini, mun san farashinsa.
Kai an sayar maka da sarƙar,
ka kuma ɗaura da hannunka.
In za ka yi yajin aiki, ƙofar wa za ka tare?

Ban sami amsa ba.
Wata mata da buhun gawayi ta ɗaga hannu,
na tada Keke.

Ina juyawa na hangi Sallau
ya lashi yatsa, ya buɗe littafin bashi,
ya rubuta shayi biyu, burodi rabi,
a shafin da ya ware musu
tun ɗansa na fari yana goye.